Wifi ya ɓace bayan an sauya Windows da Ubuntu: yadda ake dawo da shi

Idan aka cire Windows aka sa Ubuntu ko Linux Mint a laftof, wifi ya ƙi fitowa, da wuya a ce katin wifin ne ya mutu. Galibi direbansa ne babu, wato ƴar manhajar da ke haɗa katin da sabon tsarin. Kada ka yi saurin sake girka tsarin ko sayen wifi na USB. Fara gano sunan katin.

Kafin nan kana buƙatar intanet ta wata hanya. Jona wayarka ta Android da laftof ta igiyar caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna raba intanet ta USB a saitin wayar. Layin Airtel, Moov ko Zamani duk zai yi, sai dai ka tanadi forfe mai ɗan auki. Ka kuma cika batirin laftof, don idan wuta ta ɗauke ana tsakiyar girkawa, aikin kan tsaya rabi.

Buɗe tarminal, wato tagar da ake rubuta wa na'ura umarni, da Ctrl+Alt+T ka rubuta rfkill list. In ka ga "Soft blocked: yes", rubuta sudo rfkill unblock all. In kuwa "Hard blocked: yes" ne, maɓalli ne ya kashe shi: F12 a HP da yawa, Fn da F2 a wasu Dell, ko ɗan makunni a gefen tsofaffin ThinkPad.

Sai ka rubuta lspci -nn | grep -i net. A layin katin wifi, lambar da ke cikin [ ] kafin ɗigo biyu (:) ita ce shaidar kamfanin da ya ƙera katin: 8086 Intel ne, 14e4 Broadcom, 10ec Realtek, 168c Atheros. Intel da Atheros galibi suna aiki da kansu. Broadcom ne mai wahalarwa, domin sau da yawa direbansa ba ya zuwa a girke cikin tsarin. Ga katin BCM43142 ko BCM4360, yi sudo apt update, sannan sudo apt install bcmwl-kernel-source a Ubuntu 22.04, ko broadcom-sta-dkms a 24.04. Tsohon BCM4312 kuwa firmware-b43-installer yake so. Kada ka girka wannan tare da ɗaya daga na sama, suna karo da juna.

A nan ne mutane da yawa ke makalewa: an girka direba, an sake kunna na'ura, wifi shiru. Secure Boot ne, wani tsaro na na'urar, ke hana direban da ba shi da hatimin amincewa aiki. Shiga BIOS, wato saitin na'urar kanta, yayin kunnawa, F10 a HP, F2 a Dell, F1 a ThinkPad, ka kashe Secure Boot.

Katin Realtek RTL8723BE na wasu HP yana da tasa matsalar. Yana ganin wifi amma sai ka manna laftof jikin wayar da ke watsa shi, saboda direban na sauraro ta eriyar da ba a jona ba. Rubuta echo "options rtl8723be ant_sel=2" | sudo tee /etc/modprobe.d/rtl8723be.conf, ka sake kunnawa. Bai gyaru ba, maye 2 da 1.

Wanda ya bar Windows tare da Ubuntu a na'ura ɗaya, ya kashe saurin farawa na Windows (Fast Startup) a saitin wuta. Shi ke hana na'urar mutuwa gaba ɗaya, sai katin ya ƙi amsa wa Ubuntu.

Akwai wasu matsaloli biyu da ba laifin direba ba ne. Tsofaffin kati 2.4 GHz kawai suke gani, don haka in wayarka na watsa wifi a 5 GHz, sauya shi zuwa 2.4 GHz. Sannan laftof da ke shigowa Maradi daga Kano yawanci madannansa QWERTY ne, tsarin Ingilishi, mai girkawa kuma ya zaɓi Faransanci da madannan AZERTY. Kana danna A, Q ke fita, kalmar sirrin wifi ta yi ta ƙin shiga. Danna alamar nuna kalmar sirri ka ga abin da kake rubutawa, sannan ka gyara tsarin madannai a saiti.