Darasi na 7: Cefane a Kasuwannin Zariya

Daga Janairu zuwa Maris tumatir da tattasai da albasa sukan yi araha, domin lokacin ne masu lambu na bakin kogin Galma suke ɗibar amfaninsu. Wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Ɗan Magaji zai tarar ana sauke kwanduna. In rana ta ɗaga, kayan sun shiga hannun 'yan sari, sun nufi Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru, kuɗinsu ya ƙaru. Masara da dawa kuwa, arharsu sai da kaka.

Kafin ku tambayi kuɗi, ku duba kaya. Manyan tumatir ake jerawa a bakin kwando. Ku nemi izini, ku zura hannu ta gefe, ku taɓa na ƙasa. In yatsa ya fito da ruwa, akwai ruɓaɓɓe a ciki. Wake kuma ku damƙo shi a tafin hannu, ku kai shi haske. Ƙaramin rami a jikin ƙwaya, ko gari a tafinku, alamar ƙwari ce.

Sai ma'auni, kuma a nan ne aka fi cutar mai saye. Ku karɓi tiya ko mudu, ku kifa, ku dubi gindin. In an buga shi ya loɓa ciki, awon ya ragu. Abin yana min ciwo in ga uwa ta tara kuɗinta da kyar, ta koma gida da awon da bai cika ba. Yawancin masu awo mutanen kirki ne, ba sa jin haushin a duba.

Ku karanta wannan da ƙarfi, mutum biyu-biyu:

"Salamu alaikum. Baba, ya kasuwa?"
"Alhamdu lillahi, 'yata. Me za a ba ki?"
"Nawa ne kashin albasa?"
"Naira 500."
"A bar min a 350."
"Albarka."
"To, 400."
"Na sallama. Kawo."
"Baba, gyara fa?"

Kun ga ta fara da gaisuwa, kuma ba ta kushe kayan ba. Manomi ya sha wahalar ban ruwa, tayin wulaƙanci bai dace da shi ba.

Aikin yi: Kun sayi kashi 3 a kan naira 400 kowanne, kun ba da naira 2,000. Nawa ne canjinku? Ku rubuta amsar a littafinku. Gobe kowa ya zo da sunayen kayan miya 5 da ya rubuta da hannunsa.