Ɗan ƙarfen ɓamɓara na aljihu: kurakuran da aka fi yi

Duba tsinin wuƙar duk mai yawo da ita a aljihu, sau da yawa za ka tarar ya ɓalle. An sa ta aikin da ba nata ba: an ɗaga murfin gwangwanin fenti da ita, ko an zaƙulo ƙusa daga katako. Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma saboda shi ake ƙera ɗan ƙarfen ɓamɓara, mai faɗin baki, wanda bai fi tsawon yatsa ba. Ƙarfen wuƙa gasa shi ake yi ya yi tauri don ya riƙe kaifi, kuma ƙarfe mai irin wannan tauri ba ya lanƙwasa, karyewa yake yi, ɓallin kuma yana iya faɗawa ido. Makulli ma bai dace da wannan aiki ba. Yawancinsu tagulla ce mai laushi, da zarar ya murɗe kaɗan sai ya ƙi shiga kwado. Idan kana cikin masu wannan ɗabi'a, ƙarfen ɓamɓara ya cancanci gurbi a aljihunka.

Sai dai wasu suna saye ne don sun gan shi a hannun wani. Kafin ka fitar da kuɗi, ka lura da kanka na ɗan lokaci. Mai fenti, kafinta, makanike, mai shagon da ke buɗe kwalaye kullum, waɗannan za su more shi. Wanda aikinsa biro da kwamfuta ne, nauyi kawai zai ƙara wa makullansa.

Ana kuma ruɗuwa da tsada. Na titaniyom, wani ma'adini mai ƙwari marar nauyi sosai, ya fi na ƙarfe sauƙin ɗauka, nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfe ba, kuma ba ya tsatsa. Amma bakinsa ya fi saurin dakushewa, kuɗinsa kuma kan ninka. A abin da bai wuce santimita 7 zuwa 10 ba, wannan bambancin nauyi ba wanda aljihu zai ji ba ne. Ni dai ƙarfe marar tsatsa nake ba da shawara, irin samfurin Gerber Shard da ake ratayawa tare da makullai, ko ma ka sa maƙeri ya bugo maka ɗaya daga guntun sifirin mota. Abin dubawa shi ne bakin: ya zama siriri har ya shige ƙarƙashin murfi, amma ba mai kaifin yanka aljihu ba. Mai kaurin baki, a goga shi a dutsen wasawa.

Wajen aiki da shi, mutane kan manta ƙarfinsa daga tsawonsa yake fitowa. Gajere ne, don haka ba zai tumɓuke ƙusa mai inci huɗu ba, kuma idan ka dage zai suɓuce ya yage maka hannu. Ka saka ɗan katako ko kwali a ƙarƙashinsa ya zama matashi, hakan na ƙara masa ƙarfi, yana kuma hana shi yi wa fenti ko tebur tabo. Murfin gwangwani kuwa, a bi gefensa kaɗan-kaɗan har a zagaye, kada a danna wuri ɗaya murfin ya lanƙwashe ya daina rufuwa. Ɗaya hannun ya kauce daga gaban bakin.

Wuri biyu ne bai kamata ya kusanta ba sam. Na farko cikin waya ko kwamfutar hannu: batirin litiyom idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta nan take, shi ya sa masu gyaran waya da suka san aikinsu suke amfani da na roba. Na biyu soket da duk abin da ke jone da lantarki, domin titaniyom ma lantarki na bi ta cikinsa.

Idan za ka hau jirgi, ka cire shi daga makullanka ka jefa cikin jakar da za a auna. Jami'an bincike suna da ikon karɓe shi a ƙofa ko da ƙarami ne.