Waya a aljihun gaba: kurakuran da ake yi kusa da na'urorin lafiya

Wanda ya taɓa ajiye waya kusa da rediyo ya san gurnanin nan da lasifika ke yi kafin kira ya shigo. Siginar wayar ce ke kutsawa cikin kayan lantarkin. Haka take iya yi wa wasu na'urorin asibiti idan an matso da ita sosai.

Kuskuren da ya fi haɗari ya shafi masu batirin zuciya, na'urar nan da ake dasawa ƙarƙashin fata a saman ƙirji, galibi ta hagu. Telolinmu kuwa a daidai wurin suke ɗinka aljihun kaftani. Sai dattijo ya dawo Gusau daga aikin dasa na'urar, ya ci gaba da zura waya a aljihun kamar yadda ya saba. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta ce a bar tazarar santimita 15, kusan taƙi guda, tsakanin waya da na'urar. A mai da waya aljihun gefe, a riƙa amsa kira da kunnen ɗaya ɓangaren.

Ba sigina kaɗai ba ce matsalar, akwai maganaɗisu. Tun daga iPhone 12 ta 2020 akwai zoben maganaɗisu a bayan yawancin wayoyin iPhone, kuma kamfanin Apple da kansa ya ce a nisanta ta da santimita 15, ko 30 idan tana kan cajar da ba ta da igiya. Maganaɗisu kan dakatar da aikin na'urar da ke farfaɗo da zuciya idan bugunta ya rikice, har sai an janye shi. Abin saurare na kunne ma yana da shi, don haka kada a bar shi yana lilo a ƙirji.

Sai 'yan dubiya. Mutum ya kashe ƙarar waya ya ce ai ya bi dokar asibiti. Wayar da aka yi wa shiru tana nan tana magana da eriya. A ɗakin kulawa ta musamman, ko inda bakwaini ke kwance cikin kwalba, a kashe ta ko a sa ta a yanayin jirgin sama. Idan kiran ya zama dole, a ja da baya aƙalla mita ɗaya daga injin numfashi da famfon ƙarin ruwa. Inda sabis ya yi rauni ma ya fi muni, domin a lokacin ne waya ke ƙara ƙarfi tana neman eriya.

Wanda ya fi ba ni haushi shi ne mai zare filogin da ya gani a bango don ya jona caja, bai tambayi nas ba. Wataƙila na injin oksijin ne.

Wasu kuma tsoro ya yi musu yawa, har su raba Baba mai batirin zuciya da wayarsa gaba ɗaya, alhali da ita zai kira likita. Tazara kawai ake buƙata. In ya ji jiri ko faɗuwar gaba yana kan waya, ya nisanta ta nan take, ya kuma faɗa wa likitansa.