Darasi na 7: Ranar komawa asibiti da yaro mai ciwon majina mai kauri

Akwai ciwon da likita ke rubuta sunansa da Faransanci a cikin karne: mukobisidoz. Bai yawaita a ƙasarmu kamar sikila ba, amma hanyar gadonsu ɗaya ce. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ƙwayar gadonsa, ko da su lafiyarsu lau, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar kashi 1 cikin 4 yaron ya zo da shi. Ba maita ba ce, ba iska ba ce, kuma ba laifin uwa ba ne.

Majinar jikin yaron ce ke yin kauri, ta liƙe a huhu, ta kuma toshe hanyar ruwan da ke narkar da abinci. Sai ka ga yaro yana ci amma ba ya ƙiba, tari ba ya barinsa, kashinsa da maiƙo da wari. Guminsa kuma gishiri ne sosai. Shi ya sa wani lokaci ake ɗaukarsa tamowa ko tarin tibi.

In likita ya ba ki randebu, galibi bayan wata 3, ki je ranar. Ki je ko da yaron yana wasa yana dariya. A nan ne iyaye da yawa ke sakaci, su ce ai ya samu sauƙi, a adana kuɗin mota. Wannan ciwo kuwa yana cin huhu a ɓoye. Sikeli da abin sauraren ƙirji suna gano abin da ido bai gani ba, kuma ƙwayar cutar da ta shiga huhu, in an tarar da ita da wuri, ta fi sauƙin kashewa. Wanda ke Mirriya ko Magaria ko Tanout, ya fara tara kuɗin hanya tun ranar da aka ba shi randebu. Maigida, wannan naka ne.

Tun da dare, ana gobe tafiya, a haɗa kaya: karne, tsofaffin ordonas, kwalayen magani har da waɗanda suka ƙare, ruwan sha da abin da yaro zai ci. A yi sammako, don layin babban asibitin Damagaram ba ya jiran kowa.

Za a auna nauyi da tsawo, a saurari ƙirji, wataƙila a karɓi majina a kai awo. Likita zai tambaya:

"Mama, yaya tarin?"

Kada ki ce "da sauƙi" don kunya. Ki ce: "Likita, ya ƙaru da dare, majinar ta koma kore, kwana 4 ke nan." Ki faɗi yadda kashinsa yake, ko ana samun ba shi maganin narkar da abinci duk lokacin ci. In kuɗin magani ne ya gagara, shi ma ki faɗa. Ki roƙi a sake nuna miki yadda ake bubbuga ƙirji don majina ta fito.

Zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40 a garinmu, yaron kuma yana zubar da gishiri cikin gumi fiye da sauran yara. Ki tambayi likita yawan gishiri da ruwan da za ki ƙara masa. Lokacin hunturu ki kare shi daga ƙura da hayaƙin murhu.

In kin haɗu da wani mai irin ciwon a wurin jira, ku gaisa daga nesa, kamar mita 2, don suna iya ɗaukar ƙwayoyin huhun juna. Numfashi da ƙyar, zazzaɓi, jini cikin majina ko ƙin cin abinci kuwa ba sa jiran randebu. A tafi ranar.

Aikin yi: An ga yaro ranar 5 ga Janairu, aka ce ya dawo bayan wata 3. Rubuta ranar komawa. Sannan rubuta tambayoyi biyu da za ka yi wa likita.