Yadda za ka ziyarci babban cocin Colman da ke Cobh daga Legas

Cobh ƙaramin gari ne a bakin tashar jiragen ruwa ta Cork, a kudancin ƙasar Ayilan. Mutanen wurin "Kov" suke cewa, don haka kada ka tsaya kana kokawa da haruffan a wurin sayen tikiti. Abin da ke kai baƙi can shi ne babban cocin Katolika na Waliyyi Colman, wanda ke zaune a kan tudu yana kallon ruwa. An fara gininsa a 1868, ba a keɓe shi don ibada ba sai 1919.

Aikin yana farawa ne tun daga Legas, kuma biza ce gaba da komai. Ayilan ba ta cikin Shengen, wato ƙasashen Turai da ake shiga da biza ɗaya, bizar Ingila ma ba ta shigar da mai fasfon Najeriya. Wannan ne kuskuren da ya fi cin kuɗin mutane: mutum ya je Landan wurin 'yan'uwa, ya ɗauka zai tsallaka kawai. Bizar gajeren zama ake nema, mai harafin C. Za ka cike fom a intanet ta AVATS, shafin neman bizar Ayilan, ka buga takardar da ta fito ka sa hannu, sannan ka kai cibiyar VFS ta Legas, inda ake karɓar takardun biza, a ɗauki hoton yatsunka. Kuɗin bizar shiga sau ɗaya Yuro 60 ne, ban da kuɗin cibiyar. Haɗa da bayanan asusun banki na wata 6, da wasiƙar da ta faɗi dalilin tafiya da ranakunta, da shaidar aiki ko kasuwanci. Ga abu biyu da ke jawo a hana: kuɗi mai yawa da ya faɗo asusu dab da nema ba tare da bayani ba, da ɓoye cewa wata ƙasa ta taɓa hana ka biza. Ɗan kasuwar Mile 12 ko Agege da kuɗi ke shiga suna fita a asusunsa kullum, ya haɗa da takardun rajistar kasuwancinsa. Ba wa neman aƙalla mako 8, kuma kada ka biya tikitin jirgi sai biza ta fito.

Babu jirgi kai tsaye daga filin Murtala Muhammed zuwa Dublin. Ana yada zango a Istanbul, Doha, Amsterdam ko Faris. Kafin ka biya, tambayi kamfanin jirgin ƙa'idar bizar wucewa ta garin zangon. Daga filin jirgin Dublin akwai bas zuwa birnin Cork, awa uku da 'yan kai. In jirgin ƙasa ka fi so, tashar Heuston za ka je, tafiyar awa biyu da rabi ce zuwa tashar Kent. Daga Kent ɗin kuma ƙaramin jirgi zai kai ka Cobh cikin minti 25, yana bin gefen ruwa. Katin Leap yana aiki a wannan layin, kamar dai yadda Cowry ke yi a BRT.

Tsakanin Mayu da Satumba ya fi. A lokacin agogonsu ɗaya da namu, rana kuma takan kai kusan ƙarfe 10 na dare ba ta faɗi ba. A Disamba suna bayanmu da awa ɗaya, duhu na shiga tun wajen huɗu da rabi. Musulmi ya duba jadawalin salla na Cork a waya, don lissafin Legas ba zai yi masa ba. Ko a lokacin zafinsu, riƙe rigar ruwa mai hula. Iskar teku tana juya lema.

Daga tasha za ka hango hasumiyar, tsayinta mita 91. Kusa take, amma hawan yana da tsauri. Sa takalmi mai riƙe ƙasa, domin silifas na santsi a jiƙaƙƙen dutse. Dattijo ko mai ciwon gwiwa ya hau tasi zuwa ƙofa, ya sauko da ƙafa a hankali. Idan ka tarar da ƙaton jirgin ruwan 'yan yawon buɗe ido a tasha, fara da cocin da sassafe kafin su cika shi.

Shiga kyauta ne, akwai akwatin sadaka ga mai niyya. Ba a cire takalmi. Hula ce ake cirewa: namiji ya tuɓe tasa a bakin ƙofa, mace kuwa ta bar mayafinta ko ɗankwalinta. Ruwan da ke cikin kwanon dutse a mashiga na masu ibada ne, suna taɓawa su yi alamar gicciye, ba dole ba ne ga baƙo. Idan ana Mas, wato babbar ibadar Katolika, ko ɗaurin aure, ko jana'iza, zauna a baya shiru, ka ajiye kyamara har a tashi. Wanda ba ɗan Katolika ba, ko da Kirista ne, ba ya shiga layin karɓar Jibin Ubangiji, wato gurasar da fada ke raba wa masu ibada. Kada a hau matakalar bagade don ɗaukar hoto.

A ciki, tafi har tsakiya sannan ka juyo. Babbar tagar nan mai siffar fure tana saman ƙofar da ka shigo, bisa bututun ogan, babban kayan kiɗan coci, kuma da yamma ne hasken rana ke ratsa gilasanta masu launi. Edward Pugin da George Ashlin suka zana ginin a salon Gotik irin na Faransa. Dubi ginshiƙai da sassaƙar da ke kawunansu, da adon dutse na daɓe. Minti 40 ya isa.

Kada ka yi saurin barin farfajiyar, saboda ƙararrawa. Guda 49 ne a hasumiyar, babbar cikinsu ta haura tan uku da rabi, kuma babu tarin da ya fi wannan yawa a duk Ayilan. Mai kaɗa su yana zama gaban sanduna na katako, yana bugawa da hannu da ƙafa, har waƙa sosai ta fito. A waje sautin ya fi daɗi.

Hoton da aka fi sanin garin da shi, jerin gidaje masu launi-launi na West View da coci a bayansu, daga Spy Hill ake ɗauka. Mutane ne ke zaune a gidajen, kada a jingina da ƙofofinsu.

Sauran yinin ka ba wa bakin ruwa. Nan ne jirgin ruwan Titanic ya yi tsayawarsa ta ƙarshe ranar 11 ga Afrilu 1912, ya ɗauki fasinja 123, lokacin sunan garin Queenstown. Tsohon ofishin kamfanin jirgin yanzu gidan tarihi ne, kuma a lokacin zafi gara ka sayi tikitinsa a intanet tun da wuri. Duba lokacin jirgin ƙasa na ƙarshe zuwa Cork tun kana sauka da safe, musamman ranar Lahadi da jiragen ke raguwa.