Yanda za ka kalli kakar Formula 1 ta 2021 har ka gane abin da ake gardama a kai

Toh jama'a, abin da ya sa na zauna rubuta wannan shi ne kwanaki muna zaune wajen mai shayi nan Samaru bayan isha'i sai ƙanena ya miƙo mini waya yana nuna mini zagayen ƙarshe na tseren Abu Dhabi, wanda Verstappen ya sha gaban Hamilton ya ɗauke kambun duniya, yana cewa yaya ai wannan cuta ce ƙarara, wani kuma daga can ƙarshen benci ya ce wallahi babu wata cuta iyawa ce kawai, da na bi diddigi ashe dukansu biyun wannan minti biyun kaɗai suka taɓa gani a duk kakar. Abin ya dame ni sosai, don kakar 2021 tsere 22 ce, tun daga Maris har Disamba, kuma duk wanda ya fara daga ƙarshe ya cuci kansa. Ga yanda na bi da su muka kalle ta daga farko, wataƙila ya yi wa wani amfani.

Ka fara da tanadin bidiyo. Shafin Formula 1 na YouTube yana da taƙaitaccen bidiyon kowane tsere, 'yan mintuna ne, ka rubuta sunan ƙasar da 2021 zai fito. Shawarata ka sauke su cikin dare lokacin da data ke da sauƙi, ka jera su bi da bi, ka yi cajin waya ko kwamfuta tun da rana saboda kar ana tsakiyar kallo a ɗauke wuta hankalin mutane ya watse. Mu a shagon wani abokina makanike a Sabon Gari muke haɗuwa bayan ya tashi aiki, tsere uku ko huɗu a dare ɗaya, kuma ka samu makanike a zaman ku in da hali, don akwai abin da shi zai gane da kunne kawai.

Kafin a danna komai ka ɗan yi wa mutanenka bayanin wasan, musamman waɗanda ƙwallo suka saba kallo. A kakar 2021 ƙungiyoyi 10 ne, kowacce da mota biyu, direbobi 20 kenan. Ranar Asabar ake gwajin gudu a ga wanda zai tsaya a gaba, Lahadi a yi tseren, nisansa kamar kilomita 305 ne yawanci. Na ɗaya maki 25, na biyu 18, na uku 15, haka yake sauka har na goma mai maki 1, sannan a wancan lokacin akwai ƙarin maki 1 ga wanda ya yi zagaye mafi sauri in ya ƙare cikin goman farko. Hamilton ɗan Ingila ne, a lokacin yana tuƙa Mercedes, yana da kambu 7 daidai da Michael Schumacher, na takwas yake nema da zai sa ya wuce kowa a tarihi. Verstappen ɗan Holan a lokacin yana Red Bull da injin Honda, bai taɓa cin kambun ba ko sau ɗaya. Iya wannan ya isa a fara.

Amma maganar taya, nan fa sai an tsaya, don wanda bai gane taya ba har abada ba zai gane abin da ya faru a Abu Dhabi ba. Ka sa su riƙa kallon launin da ke gefen tayar. Ja ita ce mai laushi, tana kama kwalta sosai motar ta yi gudu amma nan da nan take cinyewa, rawaya tsaka-tsaki ce, fara mai tauri ce tana daɗewa amma ba ta kai ja sauri ba, kore da shuɗiya kuma na ruwan sama ne. Doka ce in ba a yi ruwa ba dole direba ya yi amfani da kala biyu a tsere ɗaya, kenan dole ya shiga gareji aƙalla sau ɗaya. Canjin tayoyin huɗu kansa sakan biyu zuwa uku ne, abokina makanike da ya gani sai da ya ce a maido baya ya sake kallo, amma shiga da fitar gaba ɗaya tana cin sakan 20 ko fiye, shi ya sa lokacin da za a shiga ɗin shi ne dabarar duka. In kana so su gane wannan da kyau ka haɗa musu tseren Sifaniya da na Faransa su kalla a dare ɗaya. A Sifaniya Hamilton ya sake shiga karo na biyu ya sa sabuwar taya ya biyo Verstappen yana cin tazarar kaɗan kaɗan har ya wuce shi saura zagaye kaɗan a gama, a Faransa kuma Red Bull suka rama da irin wannan dabarar sak, Verstappen ya wuce shi a zagaye na biyun ƙarshe. Duk wanda ya ga waɗannan biyun ya riga ya san cewa sabuwar taya a bayan tsohuwa kamar kura ce a bayan akuya.

Sai ku fara daga Bahrain, 28 ga Maris. Kar ka tsallake shi don tun nan rigimar ta nuna kanta, Verstappen ya wuce Hamilton saura zagaye kaɗan amma ta wajen layin titi ya bi, aka ce ya mayar da gurbin, ya mayar, Hamilton ya ci da tazarar da ba ta kai sakan ɗaya ba. Imola da Fotugal da Monako ku bi su da sauri, abin riƙewa kawai shi ne a Monako Verstappen ya fara hawa saman teburi. Na Baku a Azarbaijan kuwa ku kalle shi a natse, Verstappen yana gaba abinsa tayarsa ta baya ta fashe a miƙaƙƙiyar hanya ya daki bango, aka ɗaga jar tuta wato aka dakatar da tseren, da aka sake tashi saura zagaye biyu ga dama ta samu ga Hamilton sai hannunsa ya taɓa wani maɓalli a sitiyari da ya canza masa birki, ya zarce kwanar farko ya tashi babu maki ko ɗaya, Perez abokin Verstappen a Red Bull ya ci.

Daga nan Red Bull suka yi ta ci har tazarar ta kai maki 32 kafin a je Silverstone a Ingila. Wannan tseren na 18 ga Yuli ku ba shi dare guda shi kaɗai. A zagayen farko suka yi karo a kwanar da ake kira Copse, kwana ce da ake shan ta da mugun gudu, Verstappen ya yi waje ya daki shingen tayoyi sai da aka kai shi asibiti a duba shi, aka ci Hamilton tarar sakan 10 amma duk da haka ya kamo Leclerc ya ci tseren a gaban mutanen ƙasarsa, tazarar ta dawo maki 8. Abin da nake yi a nan shi ne in tsayar da bidiyon daidai shiga kwanar in ce kowa ya faɗi wa ke da laifi kafin su ji hukuncin alƙalai, ranar da muka yi haka sai da mai gadin layin ya leƙo ya ga ko lafiya. Ni a ganina Hamilton ya fi laifi kuma hukuncin ya yi sauƙi in aka duba abin da ɗayan ya rasa, ina faɗin haka ne kuma duk da cewa Hamilton nake so.

Na Hangari akwai abin kallo, Bottas abokin Hamilton a Mercedes ya kwashe motoci da yawa a kwanar farko cikin ruwa har da lalata motar Verstappen, da aka zo sake tashi kowa ya shige gareji canza taya aka bar Hamilton shi kaɗai tilo a kan layin tashi, Ocon ya ci tserensa na farko bayan Alonso ya tare Hamilton zagaye da zagaye. Na Beljiyam kar ka ɓata datarka, ruwa ne aka yi kamar da bakin ƙwarya ba a yi tsere ba sai ɗan zagaye a bayan motar tsaro, wato motar da ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu in akwai haɗari kuma ba a wuce juna a bayanta, aka raba rabin maki, ka faɗa musu kawai don su san inda wannan rabin makin da za su riƙa gani a teburi ya samo asali.

Monza a Italiya, 12 ga Satumba, nan ne motar Verstappen ta hau kan ta Hamilton, tayar baya ta bi ta saman kansa, wannan ƙarfen da ke zagaye da kan direba da ake kira halo shi ne Allah ya sa ya zama sanadin tsirarsa, dukansu suka fita, Ricciardo ya ci wa McLaren. A wannan karon Verstappen aka ba laifi. Rasha kuma nan Hamilton ya cika nasara 100 bayan ruwa ya sauko a ƙarshe ya ɓata wa Norris da ke gaba, wallahi har yau in na kalli wannan sai na ji tausayin yaron. Turkiyya da Amurka da Meziko a dare ɗaya za ku iya gamawa, bayan Meziko Verstappen yana gaba da maki 19.

In akwai tseren da zan ce ka nemi cikakkensa ko da zai ci maka data to na Brazil ne. An soke sakamakon gwajin Hamilton saboda fiffiken bayan motarsa ya buɗe fiye da ƙa'ida, sai ya tashi daga na 20 a gajeren tseren Asabar da aka yi a wannan makon don jera gurbin tashi na Lahadi, cikin zagaye 24 kacal ya dawo na biyar, aka sake mayar da shi baya gurbi biyar saboda canjin inji, ya tashi daga na goma ranar Lahadi, ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya iso Verstappen, suka fita titi tare a zagaye na 48 ba a hukunta kowa ba, a na 59 ya wuce shi ya ci. A nan ka nuna musu yanda fiffiken baya ke buɗewa a motocin wancan lokacin in mota tana cikin sakan ɗaya a bayan wata, shi ake kira DRS. Ni dai ban taɓa ganin tuƙi irin na wannan ƙarshen makon ba. Ya sake ci a Katar, ya ci a Jidda a wani tsere mai hargitsi da jar tuta sau biyu har ya daki bayan Verstappen, shikenan suka tafi tseren ƙarshe kowa da maki 369.5, rabon da a ga haka tun 1974.

Toh yanzu ne ya halatta a kalli Abu Dhabi, 12 ga Disamba, ƙarfe biyu na rana agogon nan aka fara shi. Ka tuna musu cewa Verstappen yana da nasara 9 Hamilton 8, don haka da dukansu sun fita Verstappen ne zakara. Hamilton ya ƙwace gaba tun a tashi, Perez ya tare shi ya ci masa lokaci sosai don ya taimaki abokinsa amma duk da haka ya sake tserewa, yana gaba da sama da sakan 10 sai Latifi ya daki bango a zagaye na 53 cikin 58, motar tsaro ta fito. Daidai nan ka tsayar da bidiyon ka tambaye su, in ku ne Mercedes za ku shigo da shi a canza taya? In ya shiga Verstappen zai ƙi shiga ya karɓe gaba, kuma in tseren ya ƙare a bayan motar tsaro shikenan an ba da kambu a banza. Shi ya sa suka bar shi da farar tayarsa da ta yi zagaye wajen 40, shi kuwa Verstappen ba abin da zai rasa ya shiga ya sa ja sabuwa fil.

Sannan ka yi musu bayanin dokar a hankali don nan ne asalin gardamar. Yanda aka saba, motocin da aka riga aka zagaye ana barin su su wuce, sannan motar tsaro ta ƙara zagaye ɗaya kafin ta koma. Shugaban tseren Michael Masi sai ya bar guda biyar kawai, waɗanda ke tsakanin mutanen biyu, kuma ya janye motar tsaron a wannan zagayen, aka samu zagaye ɗaya na tsere, Verstappen ya wuce a kwana ta biyar. Aka tashi 395.5 da 387.5, Mercedes suka ɗauki kambun ƙungiyoyi karo na takwas a jere, ƙorafinsu aka yi watsi da shi a daren, amma a Fabrairun 2022 aka cire Masi daga muƙamin, rahoton FIA, hukumar da ke kula da wasan, kuma ya amsa cewa kuskuren ɗan Adam ne ba tare da an canza sakamako ba.

Da muka kai nan a shagon shiru aka yi na ɗan lokaci, sai ƙanena ya ce yaya har yanzu ina kan bakana an cuci Hamilton a wannan ranar, amma yanzu na ga Baku da Silverstone da Hangari, ba zan ƙara cewa ɗayan bai cancanta ba. Ni ma nan na tsaya, tseren ranar na Hamilton ne aka ƙwace masa, laifin kuma ba na Verstappen ba ne, wanda ya ci tsere 10 a shekarar. Abokina makanike shi kuma ya ce a mayar masa da na Brazil tukuna kafin a rufe shago, yana so ya sake jin kukan injin nan a miƙaƙƙiyar hanya.