Yadda Ake Zaɓen Tarakta da Motar da Za Su Jure Aikin Gona a Gadarif da Sinnar

Da zarar watan Mayu ya kama, manoman Gadarif da Sinnar da Damazin a Sudan sukan tayar da tsohuwar gardama: Massey Ferguson ko New Holland, Hilux ko Isuzu. Gardamar ba ta mutuwa domin tambarin da ke kan bonet kaɗan ne daga labarin. Mai son kwatanta gaskiya sai ya duba masana'antar da ta haɗa injin, da irin famfon man da ke jikinsa, da nisan da ke tsakaninsa da kayan gyara, sannan halin da wannan ɗin da ke gabansa yake ciki.

Fara da lissafin gonarka kafin ka taka kasuwa. Fadan ɗaya murabba'in mita 4,200 ne. A ce faɗin diskinka, wato garmar faifai da ake shuka da ita, mita 4 ne, tarakta kuma tana tafiyar kilomita 7 a awa. Idan ka cire kashi ɗaya cikin huɗu na juyawa da zuba iri da gyare-gyare, za ka shuka kusan fadan 5 a awa. Gonar fadan 1,000 tana cin awa 200 ke nan, wato kwana 10 idan direbobi biyu suna karɓa-karɓa dare da rana. Baƙar lakar Gadambaliya da Samsam da Dali da Mazmum kuwa ba ta jiran kowa: idan ta bushe ta yi taurin da faifai ba ya shigarta sosai, idan ruwa ya yi yawa tarakta ta kafe har ciki. Kwanakin da ke tsakani su ne jarinka. Taraktar da ta tsaya kwana huɗu tana jiran wani ƙarfe daga wani gari ta cinye maka fadan 400 na shukar kan kari, dawar da aka shuka a makare kuma kowa ya san abin da take bayarwa. Da wannan mudun za ka auna kowane kamfani.

Suna ɗaya, masana'antu da yawa

Massey Ferguson ita ce aka fi sabawa da ita a Sudan, har an yi ta harhaɗa ta a masana'antar Giad da ke kudu da Khartum. Amma Massey iri-iri ce. Akwai ta Ingila, wadda masana'antarta ta Coventry ta daina ƙera tarakta a 2002, don haka duk wanda ya ce maka tasa 'yar Ingila ce, ya gaya maka ta haura shekara 20 ko da fentinta yana walƙiya. Akwai ta Burazil irin su 440, akwai ta kamfanin Millat da ke Lahore a Pakistan irin su 375 da 385, akwai kuma wadda kamfanin TAFE ke yi a Indiya. Injin dai zanen Perkins ne, amma kaurin ƙarfe da ingancin roba da wayoyin wuta sun bambanta, kuma ba kowane fistin ko famfon ruwa ne ke shiga na ɗayan ba. Karanta farantin lamba da ke jikin tarakta da lambar da aka buga a jikin injin, ka rubuta su. Idan farantin sabo ne fil a kan tsohuwar tarakta, ko kusoshinsa sun bambanta da juna, ka nemi bayani.

Tsohuwar Massey 290 mai injin Perkins 4.248, mai ƙarfin doki kusan 80, ta yi suna ne domin babu abin da ke cikinta da makanikin ƙauye bai taɓa kwancewa ba. Rauninta sananne ne. Famfon haidurolik yana zaune ne cikin akwatin giya, mai ɗaya suke sha, kuma idan robar sandar giya ta yage, ruwan damina yana bi ta nan ya gangara ciki. Mai ya koma fari-fari, famfo ya fara gajiya.

New Holland 80-66 ta Turkiyya zanen Fiat ce, TT75 kuma daga Indiya take zuwa. Injinsu mai silinda huɗu ne, lita 3.9, mai juriya ne wajen jan diski na tsawon dare. John Deere 5075E ta kamfanin Amurka ce, amma ita ma a Indiya ake yin ta, a Pune, da inji mai silinda uku da turbo. Aikinta tsaf ne, sai dai takunkumin da Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan daga 1997 zuwa 2017 ya sa kayan kamfanonin Amurka sun daɗe suna wuyar shigowa, shi ya sa masu gyaranta ba su kai na Massey yawa ba. Belarus MTZ-80 da 82 daga Minsk suna da nauyi da ƙaton inji mai lita 4.75, ga sauƙin gyara, amma sai ka yi haƙuri da tsiyayar mai. Na Sin irin su YTO da Lovol sun fi araha, kuma bai kamata a yi musu kuɗin goro ba. Abin da ke yanke hukunci a kansu shi ne ko wanda ya shigo da su ya shigo da kayan gyaransu.

Famfon mai

Nan ne ya kamata a daɗe, domin man gas ɗin da ke isa gona ba irin na gidan mai ba ne. Ya bi ta duro, ya bi ta jarka, ya sha ƙura, wani lokaci har da ruwa ko kananzir.

Famfon injekta iri uku ne. Mai layi, irin na Belarus, kowace silinda da nata bututun turawa a jere, kuma ƙasansa baƙin mai ne ke shafe shi, shi ya sa ya fi jure gurɓataccen mai. Mai juyawa, irin CAV da ke jikin yawancin tsofaffin Perkins, man gas ɗin da ke ratsa shi shi ne kaɗai man shafawarsa. Ruwa ko kananzir ya shiga, kan famfon ya goge, sai ka ga tarakta tana tashi lafiya da sanyin safiya amma ta ƙi tashi idan ta yi zafi. Na uku shi ne na zamani da kwamfuta ke sarrafawa, wanda ke tura mai da matsin da ya haura bar 1,000, alhali tsofaffin nozul, wato bakin da ke fesa mai cikin silinda, a wajen bar 200 suke buɗewa. Yana rage shan mai, yana ƙara ƙarfi, amma ɗigon ruwa da ƙwayar yashi suna kashe nozul ɗinsa, kuma ba a gyara shi a gindin bishiya. Idan gonarka ta yi nisa da babban gari, wannan kaɗai ya isa ya raba maka gardama.

Ko wanne ka saya, ka bar duro ya kwanta aƙalla kwana guda kafin a ɗiba, a ɗan karkace shi, kada bakin famfo ya taɓa gindinsa. Kada a ajiye gas a mazubin da aka yi wa rufin tutiya, domin yana narkewa cikin man ya toshe nozul. Ka sa tarkon ruwa mai gilashi kafin filta, direba ya zubar da abin da ya taru kowace safiya.

Gwajin kanti

Rubuta abubuwa goma da ke yawan mutuwa: filtar gas, filtar iska, famfon ruwa, bel ɗin fanka, farantin kuloci, gaskit ɗin kai, nozul, zoben fistin, boris ɗin ƙafar gaba, robobin haidurolik. Ka zagaya shagunan kayan gyara na garin da ya fi kusa da gonarka, ka tambayi kowanne a kan kowace taraktar da kake tunani. Kada ka karɓi "za a kawo", ka ce a ɗora maka a kan tebur. Wadda aka samu tara cikin goma ta doke wadda aka samu huɗu, ko da ta biyun ta fi ta kyau a takarda. Wannan gwajin ya ƙara nauyi tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023, domin kasuwar Khartum da kowa ya dogara da ita ta hargitse, kaya suka koma biyowa ta Bur Sudan. Ka kuma tambayi makanikai biyu ko uku wace tarakta ce ta fi dawo musu da ciwo iri ɗaya. Dillali ba zai gaya maka wannan ba.

Duba tsohuwar tarakta

Je da sassafe, ka ɗora hannu a kan injin. Idan da ɗumi, an tashe shi kafin ka zo, sai ka dawo gobe. Injin lafiya yana kamawa cikin 'yan daƙiƙu. Farin hayaƙin da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi zafi yana nuna ruwa na shiga silinda ko nozul ba ya fesawa daidai. Shuɗi baƙin mai ne ke ƙonewa. Baƙi ba tare da kaya ba, ko filtar iska ta toshe ko an buɗe famfo fiye da kima don a ɓoye rauni. Cire murfin baƙin mai inji na aiki: ɗan tururi ba laifi, amma idan yana busa murfin daga tafin hannunka, zobba sun tafi. Buɗe lagireto tun inji na da sanyi ka tashe shi, kumfar da ke tasowa ba tsayawa alamar gaskit ce ko tsagewar kai. Matsin baƙin mai kuwa da geji na hannu ake auna shi bayan awa guda ana aiki, ya zauna tsakanin bar 2 da 4. Wasu sukan zuba mai mai kauri don allura ta tashi, don haka ka murza shi tsakanin yatsu.

Agogon awa ana canza shi, amma akwai shaidar da ba a cika tunawa da ita ba: ramin sandar ja ta baya, inda ake sa fil ɗin diski. A sabuwar tarakta zagayayye ne. A wadda ta yi shekaru tana jan diski a laka, ramin ya miƙe ya yi tsawo, gefensa ya yi sulɓi, wani lokaci ka ga tabon walda inda aka cike shi. Haɗa wannan da cinyewar fedar kuloci da wasan fil ɗin tsakiyar aksul na gaba, za ka san shekarunta na gaskiya.

Rataya mata garma mai faifai uku, ka ɗaga sama, ka kashe inji. Idan garmar ta sauka ƙasa cikin 'yan mintuna, silindar ɗagawa tana zuba. Sa babbar giya, taka birki, saki kuloci a hankali: inji ya kamata ya mutu, idan ya ci gaba da aiki farantin yana zamewa. Shan mai kuma kada ka karɓa da baki. Cika tanki har wuya, a yi aikin awa biyu da diskinka a ƙasarka, a sake cikawa da jarka mai ma'auni, ka raba da yawan fadan da aka yi. Tayoyin baya ma ka sa su cikin ciniki, domin guda biyu sababbi kuɗi ne mai kauri.

Ɓangaren mota

Ƙa'idar ba ta canza ba. Land Cruiser mai buɗaɗɗen baya da injin 1HZ, silinda shida, lita 4.2, ba turbo, ita ce ta fi kowa jure hanyar damina da man da bai da tsabta. Ba ta da sauri, tana shan mai, ga tsada, kuma a halin da ƙasa ke ciki mota ce da masu ɗauke da makami ke kwaɗayi, wannan ma lissafi ne. Hilux, wadda aka fi sani da boksi, sai ka tambayi injinta. 5L mai lita 3 tsohon tsari ne mai haƙuri. 2KD mai lita 2.5 da 2GD da ya zo a 2015 na kwamfuta ne, sun fi gudu da tsimin mai, amma kada ka saya sai an jona na'ura an karanta lafiyar nozul huɗun. Isuzu mai injin 4JA1 haƙoran giya ne ke juya taimin ɗinsa, babu bel ɗin da zai tsinke, kuma ba ya shan mai. Mitsubishi L200 mai 4D56 bel biyu gare shi, ƙaramin idan ya tsinke yakan faɗa cikin babban, kuma kan injin ba ya yafe zafi. A 1HZ da 5L, idan mai motar bai san yaushe aka canza taimin bel ba, ka canza shi ranar da ka saya, daga nan kuma duk kilomita 100,000.

Shiga ƙarƙashin motar da tocila. Duba shasi kusa da inda sifirin baya ke rataye, nan ne lodin buhunan dawa da riɗi ke fara tsaga shi, sabon baƙin fenti a wuri ɗaya kuwa walda yake rufewa. Motar da ta fito daga Jidda an yi ta ne don zafi, amma iskar teku tana cin ƙarƙashinta. Don zirga-zirgar cikin gari, ƙananan Hyundai irin su Accent da Atos suna cin gwajin kanti cikin sauƙi, sai dai cikinsu a ƙasa yake, ba na hanyar gona ba ne daga Yuli zuwa Oktoba.

Takardu kuma a yanzu sun kai inji muhimmanci, domin an wawashe motoci da taraktoci masu yawa a Khartum da Jazira. Gwada lambar shasi da ta inji da abin da ke cikin takarda harafi da harafi, ka shafa wurin da yatsa ko an goge an sake bugawa, a kuma tabbatar a ofishin 'yan sandan hanya kafin kuɗi su fita daga hannunka.

Idan ciniki ya faɗa, kada a wuce gona kai tsaye. A juye baƙin mai, wanda a Perkins mai silinda huɗu yake kusan lita 8, a canza duk filtoci, a wanke tanki, a daidaita bawul ɗin Perkins a kan milimita 0.30 inji na da sanyi. Daga nan canjin mai duk awa 250, a shukar dare da rana kuwa hakan bai kai mako biyu ba. Akwatin da zai bi tarakta daji ya ƙunshi filtar gas huɗu, bel ɗin fanka, famfon ruwa, tiyon lagireto na sama da na ƙasa, bututun nozul mafi tsawo, da boris biyu na diski.